Wai a Kumasi kunya ce kawai ke hana mutum cin abinci?

Dan_Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar gida. Ni dai na ce a garin nan Kumasi in ka ga namiji mai hannu biyu da ƙafa biyu ya kwana da yunwa to kunya ce ta kwantar da shi, ba rashin aiki ba. Daga kasuwar Kejetia zuwa Magazin, wato unguwar makanikai ta Suame, zuwa Akwatia Line babu inda ba a neman mai ɗauka ko mai turawa ko mai riƙewa. Abokaina sun ce ƙarya nake, shi ya sa na kawo muku nan. Kowa ya faɗi aikin da ya taɓa yi don neman na koko wanda ko matarsa bai gaya wa ba, sai mu gani ko ni ke da gaskiya.

Met_Tafo_Pankrono:
Wa'alaikumus salam. Ni zan fara tunda ba ni da sauran mutuncin da zan kare. Kafin in zama met, wato yaron mota, aikina zaman mota ne. Kun san in mota ba kowa ciki fasinja ba ya yarda ya shiga, to sai bukman, mai kula da lodi a tasha, ya kira mu mu uku ko huɗu mu shiga mu zauna, a ba ka jaka fanko ka rungume, ka haɗe rai irin na mai sauri. Fasinja ya leƙo ya ga saura kaɗan ta cika sai ya biya ya shiga, da an samu mutum biyu ɗayanmu ya ce bari ya je fitsari, daga nan ba a sake ganinsa. Ni na fi kowa iyawa, har tsaki nake ina duba agogo ina ce wa direba masta mu fa muna da abin yi. Rannan wata tsohuwa mai zuwa kasuwar Techiman ta riƙe min riga ta ce ɗana, wancan makon ma a wannan kujerar na same ka da wannan jakar, wai kai har yanzu ba ka isa ba?

Zongo_Boy_Alabar:
Hahahaha wallahi ashe ku ne. Na taɓa yin awa biyu cikin mota mutane suna ta ƙaruwa amma mota ba ta cika, na ɗauka aljanu ne.

Malam_Sawaba:
Met, ana dariya amma wannan yaudara ce fa, ka cinye wa mutane lokaci. Allah ya sa ka bari.

Met_Tafo_Pankrono:
Na bari Malam, yanzu aure nake ɗaurawa. In babu canji sai in ba mutum biyu da ba su san juna ba sidi 10 guda in ce ku je ku raba, mota ta tashi. Na haɗa liman da mai sayar da giya ma.

Malam_Sawaba:
Allah ya shirye ka.

Karfe_Ya_Ji_Wuta:
Dan_Aboabo rabin maganarka gaskiya ce rabi kuma ba ka san Magazin ba. Aiki akwai, kuɗi ne babu. Da babana ya kai ni Suame koyon kanikanci sai da ya biya masta kuɗin shiga ya sayi akwatin sifana, amma shekarar farko ban taɓa inji ba. Aikina sayo wa masta waakye, wato shinkafa da wake, wanke noti da fetur, share mazaunin mota, sai in an ɗaga giyabos a ce yaro riƙe nan. Da yamma a ba ka kuɗin abinci wanda in ka hau trotro, wato motar haya, da shi ba ka ci ba, in ka ci ka taka da ƙafa har Moshie Zongo.
Satin farko manyan yaran shago suka ba ni gwangwanin madara suka ce masta ya ce in je wajen mai walda in karɓo tartsatsi, kuma kar in bari ya huce. Mai walda ko murmushi bai yi ba ya ce nasa ya ƙare in je wajen ƙaninsa bayan masu fenti, shi ma ya ce an riga ni, in gwada masu lankwasa bodi. Haka suka yi ta miƙa ni hannu zuwa hannu, duk Magazin ashe sun san wasan, har wani ya tambaye ni babba nake so ko ƙarami. La'asar na dawo ƙafa duk baƙin mai, masta ya ce ina ka shiga tun safe, ya cire kuɗin abincin ranar.

Zongo_Boy_Alabar:
Kai amma tsakani da Allah ku makanikai ku gaya mana, notin da ke saura a ƙasa bayan kun haɗa inji na mene ne?

Karfe_Ya_Ji_Wuta:
Bature ne ya sa su da yawa. Motarka ta tashi ko ba ta tashi ba?

Mma_Waakye_Asawase:
Ku maza kuna ta labarin kunya. Ni ƙarfe 3 na dare nake tashi in ɗora wake, in wanke karan dafi in zuba, kafin asuba shinkafa ta shiga, ga shito ga taliya ga gari ga wele da ƙwai, duk kafin ku farka ku fara gardama. Ba kunya ke kashe sana'a ba, bashi ne. Ina da littafi guda cike da Mma gobe, Mma in an biya mu, Mma in masta ya dawo. Yanzu kuma sabon salo na momo, wato tura kuɗi ta waya, ya shigo, mutum ya ci na sidi 25 harda kifi ya ɗaga waya ya ce Mma na tura momo, netwok ne, zai shigo. Har yau akwai momo da ke kan hanya tun azumin bara, ban san ko ta Tamale ya biyo ba. Kuma wasu masu wannan halin suna cikin gidan nan suna karantawa, ba zan kama suna ba.

Met_Tafo_Pankrono:
Mma ni dai nawa na biya ko?

Mma_Waakye_Asawase:
Ban kira ka ba ɗana, kai ka amsa.

Dan_Tawa_Mai_Yadi:
Ni baƙo ne, daga Nijar na zo, nawa labarin na kuɗi ne. Farkon zuwana ban fara yawon yadi ba tukuna, wani ɗan garinmu ya haɗa ni da wani dattijo a Bantama mai son a share mai fili a kwashe ciyawa da kwata. Na ce nawa, ya ce miliyan 2. Na ce a sake tambayarsa. Ya ce miliyan 2. Wallahi ban yi barci ba daren nan, na ari waya na kira gida na ce wa inna ta fara neman min mata kuma a tambayi kuɗin raƙumi. Na yi aikin nan har da inda ba a sa ni ba, na wanke mai bayi, na gyara mai kejin kaji. Da na gama ya ƙirgo sidi 200 ya miƙo min. Na tsaya ina jiran saura shi kuma shina jiran in yi godiya.

Kawu_Yalwa:
Hahaha Dan Tawa ba kai kaɗai ba ne. Dattijon bai cuce ka ba. Tun 2007 aka canza kuɗi lokacin Kufuor, aka cire sifili huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1. To manya da matan kasuwa har gobe da tsohon lissafi suke magana, miliyan 1 shi ne sidi 100. Duk wanda ya ce maka miliyan a garin nan ka tambaye shi tsoho ko sabo kafin ka kira inna.

Dan_Tawa_Mai_Yadi:
Kawu ai har yau in na je gida ana ce min mai miliyan.

Dan_Aboabo:
To kun gani, duk wanda ya yi magana ya ci abinci ranar. Ko Dan Tawa sidi 200 ya tashi da shi. Maganata tana nan.

Yar_Dagomba_Line:
Yaya Dan_Aboabo a'a. Ka je Kejetia ko Race Course ka ga 'yan kayayo, 'yan mata masu dako, da suka zo daga arewa, wasu ba su kai 15 ba, wasu da goyo, kwano a kai tun safe har dare. Wace kunya ta rage musu? Kuma da yawa a bakin shaguna suke kwana, in ruwa ya sauko a tsaye za a kwana. Mutum ya ɗora wa yarinya buhun da shi ba zai iya ɗagawa ba, an isa ya tsaya yana cinikin sidi 2. Ana cin abinci, amma wane iri. Ku ci gaba da dariyarku ban hana ba, kawai kar a ce duk mai yunwa malalaci ne.

Kawu_Yalwa:
Gaskiya ce 'yata. Kuma ranar da jiki ya ƙi, ranar babu ko sisi, wannan shi ne ciwon aikin hannu.

Baidei_Sojan_Kankare:
Tunda an zo maganar jiki. Ni na ɗauki maganar irin su Dan_Aboabo na ajiye kunya na tafi baidei, wato leburancin yini, wajen Ejisu, ana zuba dakin, wato rufin kankare na bene. Fomen ya dube ni sama da ƙasa ya ce ka taɓa yi, na ce tun ina yaro. Aka ba ni kwano da gammo. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne in an fara zuba dakin ba a tsayawa sai an gama don kar kankare ya daskare rabi, injin haɗi yana juyawa ku kuna hawa katako kuna sauka. Akwai mata a layin, wata ta haife ni, tana tafe tana waƙa tana wuce ni, har ta ce ɗan Zongo matsa mana. Kafin azahar ƙafafuna sun fara rawa da kansu, siminti ya cinye min tafin hannu, wuya ya shige cikin kafaɗa. An biya ni lafiya lau ban ce an cuce ni ba. Amma washegari a sallar asuba na yi ruku'u na kasa ɗagowa sai da na kusa da ni ya taimaka, kuɗin kuma rabi ya tafi wajen man zafi da mai gyaran targaɗe, rabi na sha koko da ƙosai ina kwance. Ribar da na samu ita ce yanzu in na wuce gidan ina ce wa mutane ni na gina shi.

Zongo_Boy_Alabar:
Injiniya kenan, a gaishe ka.

Kotoko_Har_Abada:
Ni aikin Asabar nake yi, kafa kanofi da jera kujeru a wajen makokin Asantawa. Wanda bai sani ba, nasu ba irin namu ba ne da ake binnewa ranar, su sai an shirya, a buga fosta a ɗauko masu kiɗa, dangi su sa ja da baƙi, akwai teburin karɓar gudummawa harda rasit da mai sanarwa a lasifika. Ranar farko ban san komai ba na sa jar rigar ƙungiyar ƙwallo ta Kotoko da baƙin wando na tafi. Mun gama jera kujeru na zauna a layin gaba in huta, ashe layin dangi ne. Sai ga baƙi sun taso a jere suna gaisuwa daga dama zuwa hagu, kowa ya ba ni hannu yana girgiza kai, ban ankara ba wata tsohuwa ta rungume ni ta fashe da kuka. To me zan yi, nima na sunkuyar da kai na fara jan hanci. Da na tuna kuɗin haya da ake bina sai hawayen gaske suka zo. Aka yi ta ba ni haƙuri, aka kawo min Malta mai sanyi da abinci a takeawe, wata ta ƙara min na biyu wai tun safe yaron nan bai ci komai ba. Mai kanofi yana can gefe yana min alama da hannu in taso a kwance kaya, ni kuma an riƙe ni. Har yau ban san mamacin namiji ne ko mace ba.

Mma_Waakye_Asawase:
Innalillahi, ɗan nan ba ka da tsoron Allah hahaha. Ka duba naman da ke ciki dai ko?

Kotoko_Har_Abada:
Jolof da kifi ne Mma, na bincika kafin in ci gaba da kuka.

Malam_Sawaba:
Jera kujera sana'a ce, ba laifi. Kukan ne ban san babin da zan sa shi ba.

King_Faisal_1:
Ɗan Kotoko ai ya saba kuka, ba sai an mutu ba.

Kotoko_Har_Abada:
Kai kuma wa ya kira ka, ku fara cika benci ɗaya a filin wasa na Baba Yara tukuna.

Admin_Gida:
Ƙwallo a wancan zauren don Allah. A dawo kan magana.

Kondem_Akwatia:
Sana'armu ta kondem, wato sayen tsoffin ƙarafa, ita ce amsar Dan_Aboabo, duk wanda ya iya tura turoko, wato amalanke, yana ihu a unguwar masu kuɗi ya gama da kunya. Amma sai da jari da ido. Dole ka san jan ƙarfe daga farin ƙarfe daga alminiyam, maganaɗisu na aljihu kullum, abin da ya kama ƙarfe ne mai araha, wanda bai kama ba shi ne kuɗi. In ka sayi firij don komfaresa ka saya, in ka sayi fanka don wayar cikinta. Matsala ɗaya yara. Wani yaro a Dichemso ya fito min da tukunyar biki babba ya ce mamansa ta ce a sayar ta huje. Na duba ban ga huji ba amma ciniki ya yi daɗi, na biya na ɗora. Ban kai kwana ba na ji ihu bayana, mata uku da zani a ɗaure ɗaya da muciya, ashe an sauke tukunyar ne a wanke za a ɗora abincin suna. Gudu da turoko a hawa ba ya yiwuwa jama'a. Na mayar da tukunya, yaro ya ɓace da kuɗina, kuma aka sa ni na faskara musu itace wai ladan tayar musu da hankali. Da aka sauke abinci dai sun zuba min.

Dan_Aboabo:
Ka ci abinci kenan. Ana ta tabbatar da maganata.

Yar_Dagomba_Line:
Ya yi asarar jari ya ci tuwo ɗaya kai kana ƙirga shi a riba, Allah ya sa ba kai ke riƙe da susu, wato adashin unguwarku, ba.

Kawu_Yalwa:
Bari in ba ku na wani ɗan'uwana, ya rasu Allah ya jiƙansa, shi da bakinsa yake ba da labarin yana dariya. Gadi yake a wani gida wajen Nhyiaeso lokacin dumsor na 2015, wuta ta tafi kwana da yini, unguwa duhu, masu gida suka sayo kare babba na Turawa. Wata rana ya ga takardar kuɗin abincin karen ya lissafa ya ga ta fi albashinsa. Kullum madam ta ba shi kaza da shinkafa ya dafa wa kare. To shi ne mai dafawa, shi ne mai rabawa, kuma ya ce kazar yankan Mayanka ce ya tabbatar. Aka yi yarjejeniya tsakaninsa da kare, romo da ƙashi na kare, tsoka ta mai gadi. Bayan wata biyu kare ya rame mai gadi ya yi kumatu. Aka kira likitan dabbobi ya duba kare ya duba kare bai ga ciwo ba, ya ɗago ya dubi mai gadi ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce wa madam daga yau ita ta riƙa ba karen abinci da hannunta, kewarta yake.

Karfe_Ya_Ji_Wuta:
Likitan nan ɗan halak ne, ya rufa asiri. Allah ya jiƙan baba.

Boga_Napoli:
Ina karantawa daga Italiya ina dariya ni kaɗai a ɗaki. Ku da kuke gida kuna ganin mu mun tsira. Ni da a Aboabo ko kofin shayina ban ɗaurayewa, nan na tsinci tumatir a gona na wanke kwanuka a gidan abinci har fatar hannuna ta yi fari. Hoton da na turo muku da jar mota, na tsaya ne mai ita ya shiga shago. Dan_Aboabo ya yi gaskiya ta wani wajen, aikin da mutum ba zai yi a unguwarsu ba saboda 'yan mata na gani shi yake yi a garin wani harda godiya.

Met_Tafo_Pankrono:
Boga to tunda ka faɗi gaskiya, wayar da ka yi min alkawari fa?

Boga_Napoli:
Netwok ne, za ta shigo.

Mma_Waakye_Asawase:
Kun ji ko. Har Turai cutar ta kai.

Pragya_Wan_Taim:
Ni ban yarda da zancen kunya ba sam. Ina tuƙa pragya, keke mai ƙafa uku, na wok an fe, wato kana aiki kana biyan kuɗinsa, kullum sai na kai wa mai shi kuɗinsa ko an samu ko ba a samu ba, ga mai ga faci ga tikiti. Tun 2023 da aka hana mu shiga tsakiyar gari wajen Adum da Kejetia muka dawo muna cin junanmu a layin Aboabo da Asawase da Sawaba, fasinja ɗaya pragya biyar. Ba wanda ke jin kunya a cikinmu, masu digiri ma suna ciki. Mutane ne suka yi wa aikin yawa.

Zongo_Boy_Alabar:
Aikin da mutane ba sa yi wa yawa ɗaya ne, fawa ranar Layya. Ranar kowa mahauci ne. Bara maƙwabcinmu ya ɗauko wasu samari biyu da wuƙaƙe sababbi suka ce daga Mayanka suke, ashe ɗaya tela ne ɗaya mai gyaran waya. Sa ya dube su sau ɗaya ya gane. Igiya ta kuɓuce, tela ya haye katanga, mai gyaran waya ya shige bayin mutane ya sa sakata, sa ya bi titi har kusan babban masallaci yara na binsa da kabbara. Sai da mahautan gaske suka zo suka kayar da shi suka caji ninki biyu. Da yamma samarin nan suka dawo wai a ba su ko kai da ƙafa ne na wahala.

Kondem_Akwatia:
An ba su?

Zongo_Boy_Alabar:
Alhaji ya ba su wutsiya su raba.

Dan_Aboabo:
To naji na kowa. Na janye kalmar "kawai" da ke cikin taken magana, amma ban janye sauran ba. Yar_Dagomba_Line da Pragya sun kawo hujja, sai dai har yanzu na san samari a layinmu da za su kwana ataya suna jiran biza amma ba za su ɗauki kwano ba.

Yar_Dagomba_Line:
Kai kuma yaya ba ka faɗi naka aikin ba, kowa ya tona kansa kai kana alƙalanci.

Alhaji_Albasa:
Salamu alaikum, ban karanta duka ba ya yi yawa. Tunda na ga masu neman aiki sun taru, gobe bayan asuba mota za ta iso da albasa daga Nijar, ina son mutum 4 masu ƙarfi na sauke buhu. Wanda ke so ya min magana ta gefe.

Baidei_Sojan_Kankare:
Alhaji ni likita ya hana ni. Amma Dan_Aboabo na nan, hannu biyu ƙafa biyu.

Dan_Aboabo:
Gobe ina da ɗaurin aure a Tafo wallahi, da na zo.

Dan_Tawa_Mai_Yadi:
Alhaji ni zan zo da yaro ɗaya. Nawa ne buhu, kuma tsoho ko sabo?

Alhaji_Albasa:
Ku zo dai za mu daidaita. Kowa ya taho da gammonsa da tsohuwar riga, mota ba ta jira.